Yaron fim da bai ɓace ba: nazarin aikin Sachin don masu sa yara wasa a Zinder

Duk wanda ya kalli Sholay a Damagaram, a sinima ne ko a kaset a gidan kallo na unguwa, zai tuna fitowar nan da doki ya komo gari ɗauke da gawar wani saurayi. Ɗan limamin ƙauyen ne, limamin kuma makaho, ya iso yana lalube, jama'a sun yi cirko-cirko an rasa mai bakin gaya masa. Saurayin da aka kashe, Ahmed a cikin fim, bai yi fitowa da yawa ba. Sunansa na gaskiya Sachin Pilgaonkar. An saki fim ɗin ranar 15 ga Agusta 1975, saura kwana 2 ya cika shekara 18, amma a lokacin ya riga ya shekara 13 a gaban kamara. A 2024 kuma ya fitar da wani fim, shi ya ba da umarni, shi ya fito a ciki. Tsakanin fim ɗinsa na farko da wannan shekara 62 ke nan.

Zinder gari ne na wasan kwaikwayo tun zamanin ƙungiyar gidan rediyon ORTN ta su Yazi Dogo. Yau harkar ta koma hannun ƙananan ƙungiyoyi masu kamara ɗaya da kwamfuta ɗaya, masu yin dandalin soyayya da barkwanci suna zubawa a YouTube da TikTok. Kusan kowane labari yana bukatar yaro: maraya, almajiri, ɗan kishiya, yarinya mai talla. Yaron zai yi tashe shekara 3 ko 4, har a riƙa nuna shi a kasuwar Dole, daga nan sai a neme shi a rasa. Ba mutuwa ya yi ba, girma ya yi. Lamarin Sachin yana da amfani ne don ana iya bin sawunsa shekara da shekara, a ga daidai inda irin waɗannan yara suke faɗawa, a ga kuma abin da shi ya taka ya tsallake.

Abin da yaro yake sayarwa

An haife shi ranar 17 ga Agusta 1957 a Bombai, wadda ake kira Mumbai yanzu. Fim ɗinsa na farko, Ha Majha Marg Ekla, ya fito a 1962, kuma da harshen Marathi aka yi shi, harshen jihar Maharashtra, wato harshen gidansu. Daga baya ya shiga finafinan Hindi: Majhli Didi da Jewel Thief a 1967, Brahmachari a 1968. Kafin ya fita daga sahun yara ya yi fim kimanin 65, ya kuma karɓi lambar ƙasa ta gwarzon yaro ɗan wasa ta 1971 da wani fim ɗin Marathi, Ajab Tujhe Sarkar.

Fim 65 adadi ne mai ruɗi, don yana sa a zaci yaron ya ƙware. Abin da darakta yake saye a wurin ɗan shekara 5 zuwa 10 shi ne ƙanƙantar jiki, manyan idanu, siririyar murya, da rashin jin kunyar kamara. Babu sana'a ko ɗaya a cikin waɗannan, kuma dukkansu suna da ranar ƙarewa. Yadda ake ɗaukar yaro ma ba ya koya masa komai. Darakta zai tsuguna gefen kamara ya faɗi jimla, yaro ya maimaita da irin muryar da ya ji, a ce ya yi kyau, a wuce. In ana son kuka, a tuna masa wani abin baƙin ciki, ko a shafa masa man zafi a ƙasan ido, abin da bai kamata a yi wa kowa ba balle yaro. A haka zai iya yin fim 20 bai taɓa sanin me ya faru kafin fitowarsa ko me zai biyo baya ba. Ranar da ya kai 15 aka miƙa masa takarda aka ce ya karanta ya fito da mutumin da ke ciki, sai a tarar babu komai a hannunsa.

Abin da ya raba Sachin da sauran, a wurin aikin Majhli Didi ya samo shi. Jarumar fim ɗin Meena Kumari ce, daraktan kuma Hrishikesh Mukherjee. Sachin da bakinsa ya sha faɗa a hira cewa Meena Kumari ce ta koya masa Urdu, ta gyara masa lafazi, Mukherjee kuma a wurinsa ya koyi tace fim. Mukherjee da ma edita ne kafin ya zama darakta, shi ya tace wa Bimal Roy manyan finafinai. Meena Kumari ta rasu a 1972, Sachin yana da shekara 14. Harshe da tacewa, babu wanda balaga take ƙwacewa a cikinsu.

Batun tacewar ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya zauna kusa da edita ya san dalilin da ya sa ake ɗaukar fitowa ɗaya sau 3, daga nesa, daga tsakiya, da kuma dab da fuska. Ya san in ya ɗauki kofi da hannun dama a ɗauka ta farko ya koma hagu a ta biyu, hotunan ba za su haɗu ba. Ya san dole ya bar ɗan shiru kafin ya amsa magana, don a sami wurin yankawa. Ya ga da idonsa yadda ake zubar da fitowar da ɗan wasa ya yi ta ihu a ciki, a ajiye wadda ya ɗaga ido kawai. A zamanin Sachin sai an shiga ɗakin da ake yanka fim da almakashi ana liƙawa. A Zinder yau montaj ɗin, wato tacewar, duk a kwamfuta ɗaya yake, a ɗaki ɗaya, kuma ba a kashe ko dala in an zaunar da ɗan shekara 12 a gefe na awa 2 ranar Asabar, aka nuna masa fitowarsa kafin a yanka da bayan an yanka. Ba a yi ne kawai don ba wanda ya ɗauke shi a matsayin ɗan koyo. Kayan aiki ake ɗaukarsa, kamar tabarma ko buta.

Balaga

Jikin yaro ba ya jiran furodusa ya haɗa kuɗi. Tsakanin shekara 6 da 8 haƙoran gaba suke famfara, yaron da aka fara fim da shi da cikakken murmushi a ƙare da giɓi. Tsakanin 12 da 15 maƙogwaron namiji yake girma, zakaran wuya ya fito, tantanin murya ya ƙara tsawo da kauri, muryar ta sauka ƙasa. Kafin ta zauna takan yi watanni tana fashewa, ta fara jimla da kauri ta ƙare da tsiwa. A shekarar da tsawo ya fi sauri, yaro kan iya ƙara santimita 8 zuwa 10. Ƴan mata sukan riga maza shiga wannan da kamar shekara 2.

Ga yadda abin yake ɓata aiki. Shiri mai dogon zango a nan yawanci ana ɗaukarsa ne gutsi-gutsi, yadda kuɗi ya samu: kashi na 1 zuwa na 6 da hunturu, na 7 zuwa na 12 bayan damina. A ƙarshen kashi na 6 yaro ya fita daga zaure da siririyar murya, a farkon na 7 ya shiga ɗakin uwarsa da muryar gardi, wandon ya ɗage sama da idon sawu, alhali a labari minti ɗaya ne tsakani. Masu kallo ba sa yafe wannan, a ƙasan bidiyo za su yi ta dariya. Maganinsa tsari ne. A tattara duk fitowar yaron a ɗauke su a jere cikin kwana 10 zuwa 15, ko da sauran labarin zai jira. A ɗinka masa kaya kala ɗaya kashi 2, ɗaya ya ɗan fi girma. A ɗauki hoton askinsa ta gaba da ta gefe a nuna wa wanzami duk ranar da za a koma. Mafi muhimmanci, a saurari sautin a ranar, kafin a sallame shi. Duk jimlar da iska ko ƙarar kabu-kabu ta ɓata, a shigar da shi ɗaki mai labule da katifa ya sake faɗinta nan take, don bayan wata 6 muryar da za a ɗora ba ta nan. In kuwa labarin dole ya ja, to marubuci ya rubuta tsallaken lokaci a ciki, a ce bayan shekara 2, girman ya zama na labari.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne babu rol. Labaranmu sun san yaro, sun san saurayi mai neman aure, tsakaninsu fayau. Ko an rubuta ɗalibin sakandare, ɗan shekara 25 ake aske wa gemu a sa masa kayan lakwal, wato makarantar boko. Ɗan 14 zuwa 17 ya yi girma da a goya shi, ya yi ƙanƙanta da ya je zance. Shekara 3 ko 4 yana zaune, kafin ya dawo an manta fuskarsa, ko kuma, wanda ya fi muni, an tuna ta, ana kallonsa ana neman yaron da.

Sachin ya haye ta gadar kamfanin Rajshri na su Tarachand Barjatya. Tsarin kamfanin sananne ne: kuɗi kaɗan, labarin gida, waƙa mai daɗi, sababbin fuskoki maimakon manyan jarumai masu tsada. Ga mai irin wannan lissafi, saurayi ɗan 17 da ya yi fim 65 garaɓasa ce. Ya san inda zai tsaya haske ya same shi, ba ya kallon kamara, ba ya sa a maimaita sau 10, a zamanin da kowace maimaitawa zaren fim ne ake ƙonawa da kuɗi. A 1975, shekarar Sholay, suka ba shi jagorancin Geet Gaata Chal, labarin wani maraya mai yawo yana waƙa, wanda wasu masu hali suka ɗauka suka kai gida. Abokiyar wasansa Sarika ce, ita ma tsohuwar yarinyar fim. A 1976 ya yi Balika Badhu, wannan na Shakti Samanta ne, labarin auren ƙuruciya, wanda ba zai yiwu ba sai da ango marar gemu. A 1978 ya koma Rajshri da Ankhiyon Ke Jharokhon Se, soyayyar ɗalibai, a 1982 kuma Nadiya Ke Paar, inda ya fito ƙanen miji a wani ƙauyen arewacin Indiya, da karin harshen da ba nasa ba.

Abin lura, a duk waɗannan ba a ja shi an kai shi rol ɗin da ya fi shi ba. Rigar aka yanka daidai jikinsa. Fuskar yarinta da ta zama cikas ga wasu, ita ce labarin yake bukata.

Abokin Sachin na ƙuruciya, Naeem Sayyed, wanda duniya ta sani da Junior Mehmood, tare suka fito a Brahmachari. Yaro ne mai baiwa ƙwarai, amma da kwaikwayon babban ɗan barkwancin nan Mehmood ya yi suna, har sunan ya bi shi. Ƙaramin yaro yana kwaikwayon babba abin dariya ne. Babba yana kwaikwayon babba, dariyar ta ragu. Bai bar harkar ba, ya ci gaba da ƙananan rol, ya shirya finafinan Marathi, har ya rasu a Disamba 2023, amma tashen yarintar bai dawo ba. Masu barkwanci a Zinder da suke gina yaro a kan abu ɗaya, bakin manya a ƙaramin jiki ko wata kalma da yake maimaitawa, su dubi wannan da kyau.

Kuma ba labari aka rasa ba. Titibirin da ya wuce kolo bai kai gardi ba, yaron shago da maigida ya fara bar wa aljihun tebur, ɗan koyon walda, yaron mota a hanyar Kano, ɗalibin da jarrabawar BEPC ta tsaya wa a wuya, matashin da fada, wato majalisar samari ta unguwa, ta fara janyewa daga gida, duk ƴan 14 zuwa 17 ne, kuma duk suna nan a Garin Malam da Sabon Gari da Birni. Darakta Aicha Macky ta nuna a 2021, da fim ɗinta mai suna Zinder, cewa unguwar Kara-Kara kaɗai ta isa fim. Ƙungiyar da take da yaron da ya kai 12 ya kamata tun yanzu ta sa a fara rubuta labarin da zai ja yana 15.

Ranar da fuskar samartaka ta ƙare

Ana yawan zaton wanda ya tsallake balaga ya tsira. Sachin ya sake cin karo da bango wajen shekara 25. Kasuwar Hindi ta lokacin ta Amitabh Bachchan ce, dogo, mai kaurin murya, mai faɗa. Sachin gajere ne, fuskarsa ta ƙi tsufa. Rol ɗin da suka rage masa a manyan finafinai su ne na gefe: saurayin ƙanwar jarumi a Trishul a 1978, autan ƴan'uwa 7 a Satte Pe Satta a 1982, bara mai amana a Avtaar a 1983. Ana biya, amma hanya ce mai tsukewa, don kowace shekara akwai sabon ƙane da ya fi ka yarinta.

A nan karatun ɗakin tacewa ya yi rana. A 1982 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, Mai Baap, da harshen Marathi. A 1984 Navri Mile Navryala ya karɓu, a cikinsa ya yi wasa da Supriya, wadda ya aura a 1985. Sai Gammat Jammat a 1987, sai Ashi Hi Banwa Banwi a 1988, labarin samarin da suka rasa gidan haya don mai gidan ma'aurata kawai take ba wa, har biyu daga cikinsu suka yi shigar mata. Fim ɗin har yau ana kallonsa a Maharashtra. Ya riƙe abokan aiki ƙalilan yana maimaita su, musamman Ashok Saraf da Laxmikant Berde, wanda hakan ke rage kwanakin ɗauka don kowa ya san numfashin kowa. Ya gwada ba da umarni da Hindi ma, Prem Deewane a 1992 da Aazmayish a 1995, ba su yi tasirin na gida ba. Barkwanci a harshen da aka yi maka wasan yara da shi yake zama.

Dole a faɗi cewa yana da abin da yawancin yara ba su da shi. Mahaifinsa, Sharad Pilgaonkar, ɗan harkar ne, shi ya shirya Ashtavinayak na 1979 wanda Sachin ya ja. Ƙofar Marathi ba ta taɓa rufuwa gare shi ba.

Kano ita ce Bombai ɗin ɗan wasan Zinder, kilomita 240 ko kusa da haka ta Matamaye da Daura. Saurayin da ya yi suna yana yaro yakan ga can ne kawai ci gaba. Abin da yakan tarar: layi mai tsawo, kuɗin masauki daga aljihunsa, sallama da naira wadda in an canza ta zuwa sefa take raguwa, da rol ɗin ɗan Nijar da ake sa shi don a yi dariyar karin harshensa. Zuwa Kano koyon aiki abu ne mai kyau, a can ƙwararrun masu haske da sauti suke. Sayar da komai a tare can kuwa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Sai dai kwatancen yana da iyaka. Masu jin Marathi sun haura miliyan 80, suna da gidajen sinima da ake sayen tikiti, kuma harshensu daban ne da Hindi, saboda haka kasuwarsu tana da katanga. Zinder da Kano harshe ɗaya ne, a waya ɗaya ake kallonsu. Abin da Kano ba za ta iya yi ba shi ne Damagaranci na gaskiya, lungunan Birni da duwatsunta, hawan salla a ƙofar fada, raha irin ta wasan kara. Wanda ya kwaikwayi Kano daga Zinder zai fito da na Kano mai araha ne kawai.

Da tashoshin tauraron ɗan'adam suka buɗe a Indiya, Zee TV ta fara a 1992, kasuwar finafinan Marathi kuma ta yi sanyi, sai Sachin ya koma tele. Tu Tu Main Main, wanda ya ba da umarni daga 1994 zuwa 2000, rikicin uwar miji ne da matar ɗa, Reema Lagoo da Supriya. Gida ɗaya, ƴan wasa kaɗan, faɗan da ba ya ƙarewa, wato shirin da kuɗinsa kaɗan ne kuma ba ya rasa kashi na gaba. A 2005 shi da matarsa suka ci gasar rawa ta Nach Baliye, yana da shekara 48.

Kuɗi, awoyi da takarda

Yadda ake ɗaukar yaro a nan kowa ya sani. Darakta zai je ƙofar gida bayan la'asar, ya durƙusa ya gaida uban.

“Baba, aron auta muka zo, kwana 3 ne kawai.”

“Haba, ai ƙanenku ne. Ku tafi da shi, Allah ya yi albarka.”

Ba a ambaci kuɗi ba, don kunya. In an gama a damƙa wa yaron wani abu a ce na sabulu. Daga nan matsala take farawa. Kwana 3 ya zama mako 3. Mushe, malamin lakwal, ya aiko yana tambayar ina yaron. Wani maƙwabci ya gaya wa uban ai fim ɗin mutum dubu ɗari sun kalla, an ci kuɗi da ɗansa. Uban ya janye shi ana tsakiyar aiki, rabin fitowarsa ba a ɗauka ba, kuma babu mai laifi a takarda tunda babu takardar.

Wasu ƙasashe sai da aka ƙone kafin aka yi doka. Jackie Coogan, yaron da ya fito da Charlie Chaplin a 1921, ya tara miliyoyin dalar Amurka, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye, ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A 1939 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ake kira da sunansa, wadda a yau take tilasta ajiye kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Indiya, a ƙa'idojin 2017, ta fi shiga filla-filla: sai an nemi izinin hukumar gunduma, yaro ba zai wuce awa 5 a rana ba, ba zai yi awa 3 a jere ba hutu ba, ba zai wuce kwana 27 a jere ba, kuma kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa a ajiye a banki da sunansa. Sachin ya yi yarintarsa kafin duk wannan. A Nijar, dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai 14 ba aiki, ko da a matsayin ɗan koyo, sai inda aka yi togiya. Furodusan da zai biya ƙaramin yaro ya fara zuwa ofishin sufeton aiki ya ji matsayinsa.

Takarda shafi ɗaya ta isa, da Hausa ko Faransanci, da shaidu 2. A rubuta ranaku da awoyi, da kuɗin kowace rana ko kowane kashi, da abin da za a ƙara in kwanakin sun wuce. A rubuta sunan babban da zai raka shi daga gida, yaya ko ƙanwar uwa, wanda ba ɗan ƙungiyar ba. A rubuta abin da ba zai yi ba: duka na gaske, hawa babur da gudu, leƙa rijiya, kusantar wuta, aikin dare. A rubuta inda za a nuna fim ɗin, don uban da ya yarda da tele ba lallai ya yarda da TikTok ba. Sannan a ware kashi ɗaya cikin 5. In kuɗin jika 50 ne, jika 10 ke nan. Asusun ajiya da sunan yaro yana bukatar takardar haihuwa da sa hannun waliyyi, kuma a tambayi kuɗin riƙon asusu tukuna, kada banki ya cinye ɗan abin. In hakan ya yi wuya, tunkiya da sunansa a gaban shaidu ta fi babu, ita har haihuwa take.

Yanayin Zinder ma yana da nasa sharaɗi. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ga fitilu, ga fanka a kashe saboda sauti, yaro yakan galabaita kafin ya iya faɗa. A ɗauke shi daga ƙarfe 7 zuwa 11 na safe, sai kuma bayan la'asar, da ruwa a kowace tsayawa. Babban hutun lakwal, Yuli zuwa Satumba, shi ya fi dacewa da karatunsa, amma damina ce, gajimare yana sauya haske tsakanin ɗauka da ɗauka, don haka fitowar cikin ɗaki a ajiye su ranar hadari. Da hunturu leɓe yana tsagewa, mura tana toshe murya, a tanadi man shafawa a kuma bar kwana 2 na ko-ta-kwana. Fitowar yaro a fara da ita, manya su jira shi. Yaron da ya yi awa 4 a zaune yana jiran jarumi, in aka zo kansa ya riga ya ƙare.

Akwai kuma abin da ba a biya da kuɗi. Sunan rol yana manne wa yaro a lakwal da makarantar allo. Babba da ya fito ɓarawo zai iya dariya in an tsokane shi, ɗan shekara 9 ba zai iya ba. Rol ɗin mai fitsarin kwance, ko ɗan shege, ko mai sata, a yi tunani sau biyu, ko a ba yaron da ba a unguwar yake zaune ba.

Ga ƴan mata ramin ya fi zurfi, don da ƙirji ya fara fitowa gida yake janye ta, aure kuma yakan rufe ƙofar gaba ɗaya. Sarika, wadda ita ma tana cikin Majhli Didi tana ƙarama, ta bar fitowa shekaru da yawa, amma ba ta bar sana'ar ba. Ta koma tsara tufafin ƴan wasa, har ta ci lambar ƙasa a kan haka da Hey Ram na 2000, daga baya ta dawo gaban kamara ta ci ta gwarzuwar jaruma da Parzania na 2005. Yarinyar Zinder da aka koya wa rubuta labari, ko tsara kaya, ko tacewa, ko ɗora murya, tana da aikin da za ta iya yi daga ɗakinta, wanda miji da iyaye ba su cika ƙi ba.

A 2015, yana da shekara 58, Sachin ya fito a Katyar Kaljat Ghusali na Subodh Bhave a matsayin Khansaheb, wani ustazun waƙa Musulmi, mai girman kai, mai gaba da abokin sana'arsa. Fim ɗin na Marathi ne, amma Khansaheb da Urdu yake magana, Urdun da Meena Kumari ta fara gyara masa shekara 48 kafin nan. A 2019 ya shiga shirye-shiryen intanet da City of Dreams, inda ya fito ɗan siyasa mai makirci, rol ɗin da ba wanda zai ba mai fuskar Geet Gaata Chal a da. Fim ɗin 2024 kuwa, Navra Maza Navsacha 2, ci gaban wanda ya yi ne a 2004, kuma Supriya da Ashok Saraf suna ciki, mutanen da yake aiki da su tun shekarun 1980.